Iskar Mutum Biyu

Motar farko da na mallaka a duniya ba ta ɗaukar fiye da mutum biyu, na biyun ma sai in ba shi da tumbi. 'Yar mitsitsiya ce, koriya, ba ta da rufi sai wata rumfar tamfol da ake janyowa in hadari ya taso. In ka zauna a ciki ka zuro hannu waje, kana iya shafa ƙasa. Na saye ta ne a hannun wani Bature da muka yi aikin gona tare a Gumel, da zai koma ƙasarsu. Lokacin ba a daɗe da yin canjin hannu ba, motoci sun koma bin dama, ita kuwa sitiyarinta ma a dama yake, saboda haka masu kuɗin gari ba wanda ya ko kalle ta. Ni kuwa ga ƙuruciya, ga sabon aiki, ga son a ce wane ne ya wuce, sai na ga ai tsuntsu ne daga sama gasasshe.

Ranar da na shigo da ita unguwarmu, Inna ta leƙo daga soro, ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "To, ina uwarta?" Mutanen gari kuwa Kwaɗo suka sa mata, don launinta da kuma yadda take tafiya. Na ji haushin sunan nan ƙwarai, amma ko ni daga baya da shi nake kiranta.

Baba kuwa yana kan karatu. Malamin zaure ne, manya ne ke zuwa ɗaukar karatun littattafai a wurinsa bayan asuba da bayan la'asar. Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba har ya bar duniya. In yana nemana sai ya ce "kai", in kuma yana son ya tsokane ni sai ya ce "malamin gona". Ya fito da sandarsa, ya zagaya motar a hankali, ya koma ciki. A hankali yake komai, domin tun da doki ya kayar da shi shekarun baya, bayansa bai sake zama nasa ba. A zaune yake salla. Doki ya fi ƙarfinsa, babbar mota kuwa ko a mafarki.

Wannan ciwon bayan ne ya raba shi da Gwaggo. Yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goya shi da mahaifiyarsu ta rasu ana cikin yaye shi. Tana aure a wani ƙauye arewa da Sule Tankarkar, can cikin jigayi, dab da iyaka. Tsufa ya cinye mata ido, ƙafafu kuma sun daina ɗaukarta. Shi ba ya iya zuwa, ita ba ta iya tahowa. Sai dai aike ta hannun masu cin kasuwar Maigatari ran Alhamis: ta aiko masa da kuka da daddawa, ya aika mata da goro da turare. An ce zumunta a ƙafa take, su kuwa tasu a ƙafar wasu ta zauna shekara da shekaru.

A daminar da ta biyo bayan shekarun farin nan, ruwa ya yi kyau, gero ya tashi har yana rufe mahayin raƙumi. Wata Juma'a da safe wani mutumin ƙauyensu Gwaggo ya yi sallama a zaure, ina nan zaune. Bayan an gaisa ya ce, "Allah gafarta Malam, ta ce a gaya wa Auta, tana jin ƙanshin gero daga ɗaki, amma ba ta jin za ta ci tumun bana."

Baba ya rufe littafin da ke gabansa, ya sallami masu karatu, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Na dubi fuskarsa na ga tsoro, ni ma sai tsoro ya kama ni. Na ce, "Baba, ni zan kai ka."

Ya ce, "A cikin wannan abin?"

Na ce a cikinsa. Ya ce to.

Ba a fafe gora ranar tafiya, sai na fara da tayoyi. Waɗanda Baturen ya bar mini sun suɗe, sun yi sumul kamar tafin hannu. Na je tasha neman shawara, wurin da ba a rasa mai ba da ita ko ba a tambaya ba. Direbobi suka yi mini caa. Suka ce hanyar da za ka bi ƙaya ce da kututture, ka nemi taya mai kauri irin ta ƙananan motocin ɗaukar kaya, wadda ko mashi ba ya huda ta. Na aika Kano aka kawo mini guda huɗu, baƙaƙe wuluk, masu manyan haƙora. Da na ɗaga ɗaya sai da na yi nishi, na kuwa ji daɗin nishin, na ce lallai an sami kaya.

Mai facin garinmu a lokacin wani dattijo ne da ke zama gindin darbejiya a bakin tasha. Tun ina ɗan makaranta yake yi mini facin keke. Hanyarsa ta auna iska ɗaya ce tal: a yi ta bugawa, shi kuma yana ƙwanƙwasa tayar da guntun ƙarfe, sai ya ji ta amsa masa ƙal, sannan ya ce ta sha. Haka yake wa manyan motocin gyaɗa, haka yake wa kowa. Mu duka a kan keke muka koyi taya, a wurinmu kuwa taya mai kyau ita ce wadda babban yatsa ba ya lotsawa. Baturen ya bar mini wani ɗan geji mai kama da alƙalami a aljihun ƙofa, ya kuma faɗa mini iyakar inda ya kamata ya tsaya. Na nuna wa mai faci, ya juya shi a hannu, ya yi dariya.

Ya ce, "Malam, wannan ai iskar ƙasarsu ce. Can kwalta ce har ƙofar ɗaki. Nan kuwa in ba ka cika ta ba, ƙaya za ta yi maka sallama tun ba ka bar gari ba."

Maganar ta shige ni. Na mayar da geji aljihun ƙofa, aka buga wa Kwaɗo iska kusan ninki biyu na abin da mai ita ya ce.

Muka tashi da sassafe. Na jera wa Baba matasan kai, aka taimaka masa ya zauna. Cikin gari lafiya lau, don rairayi ne kuma a hankali nake. Muna hawa burji labari ya sha bamban. Duk wanda ya san hanyoyinmu na wancan zamani ya san gargada, wadda manyan motoci ke bari a jere kamar kunyar gona. Motar ta shiga tsalle. Sitiyari yana rawa a hannuna, bayanta yana neman ya riga gabanta, haƙorana suna haɗuwa. Na rage gudu, abin ya ƙi. Na ƙara, ya fi muni. Baba bai yi ko tari ba. Ya riƙe ƙofa da hannu ɗaya, carbi a ɗayan. Ba mu wuce gonakin bakin gari ba ya ɗaga mini hannu. Da na tsaya na dube shi, gumi ya jiƙa masa rawani, leɓɓansa sun yi fari.

Ya ce, "Mayar da ni."

Tafiyar da muka yi ta komawa, mai jaki ma ya wuce mu. Baba ya kwanta kwana da kwanaki, ko juyi sai an juya shi. Inna ta daina amsa gaisuwata sai da ka. Ni kuwa haushin duniya ya ishe ni, na ajiye motar a bayan gida na koma hawa keke, ina cewa duk wanda ya taya ko nawa ne ya ɗauka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Alhamis tana zuwa tana wucewa, gero yana ƙara nuna.

Da ya sami sauƙi ya aika aka kira ni. Yana kwance a kan buzu, ya ce, "Malamin gona, me ke cikin ƙafar abin nan naka?"

Na ce iska.

"Iska ce ta yi mini wannan dukan? To, nauyinta fa?"

Na ce ba ta da wani nauyi, ko kafewa ta yi ƙarti huɗu ke ɗaga bayanta su ajiye gefe.

Ya girgiza kai. Ya ce, "Takalmin soja kuka sa wa jariri." Daga nan ya shiga ba ni labarin da ban taɓa ji ba, na lokacin da yake saurayi, kafin ya zauna karatu, ya bi ayarin masu kanwa zuwa arewa. Ya ce jaki kofatonsa tauri gare shi, shi ya sa yake nutsewa a rairayi yana wahalar da mai shi. Raƙumi kuwa tafinsa laushi ne, in ya taka sai ya baje, in ya ɗaga ya koma. Ya ce, "Je ka nema wa abin nan tafin raƙumi. In ka samu, ka zo mu gwada."

Gwajin ma shi ya tsara shi. Aka ɗora buhun gero a kujerarsa, wai shi ne shi. A kan buhun aka sa gammo, a kan gammon aka girke ƙwarya da ruwa rabi, ya sa aka ja layi da gawayi daidai bakin ruwan. Ya ce in je inda na tsaya da shi rannan in dawo. Ranar da ruwa ya dawo a kan layinsa, ranar zai sake shiga.

Zuwan farko na dawo da busasshiyar ƙwarya da jiƙaƙƙen wando. Na tsuguna na sassauta iskar da tsinken ashana, na sake komawa. An ɗan samu, amma ba a kai ko'ina ba. Tayoyin nan masu kauri ko ka zuƙe musu iska gefensu ba ya lanƙwasa, don an yi su ne su ɗauki buhuna, motar kuwa ba ta da nauyin da za ta danne su. Na haƙura, na nemi izini a ofis, na tafi Kano da kaina. Na bi shagunan taya ɗaya bayan ɗaya da tsohuwar tayar Baturen a kafaɗa, har na sami irinta. Gefenta siriri ne mai laushi, kana matsawa da hannu yana bin ka, ƙarfinta duk yana ƙarƙashin inda take taka ƙasa, inda aka shimfiɗa mata waya. Ba ta da faɗi, ba ta da kwarjini. Mai shagon ma sai da ya tambaye ni ko na tabbata.

Rigima ta dawo gindin darbejiya. Da aka ɗaura su, na fito da geji na ce a tsaya inda ya nuna. Mai faci ya ja da baya ya dube su. Irin tayar nan ko ta sha iskarta daidai, sai ka ga ta yi ɗan tumbi a ƙasa kamar wadda ta sace.

Ya ce, "Malam, in ka fita da ita haka, sunana ne zai ɓaci. Za a ce na tsufa."

Na ce in an tambaya ya ce ni na matsa. Ya ce ai ko ban ce ba haka zai faɗa.

Bai yi ƙarya ba kuwa. Tun daga ranar ban sake ratsa Gumel cikin salama ba. Mai shayi zai ɗago hannu, mai keke zai biyo ni yana nuna ƙasa, wani har ya bar cinikinsa ya tare ni, duk magana ɗaya: "Malam, tayarka ba iska." Da farko ina tsayawa in yi bayani, daga baya na koma cewa na gode kawai. Akwai ranar da wani dattijo ya bi ni har ofis don ya gaya mini, na rasa ko in yi fushi ko in ba shi goro.

Kullum bayan la'asar ni da buhu da ƙwarya muna kan burji. A nan na gane cewa laushin ma yana da iyaka. Wata rana na zarce wajen ragewa, motar ta koma lilo, in na juya sitiyari sai ta yi shawara kafin ta bi, tayoyin suka ɗau zafi, dutse ya tsinke mini robar ciki, na dawo gida da ƙafa. Na ƙara kaɗan, na rage kaɗan. Na gano na gaba suna son ƙasa da na baya, na baya kuma in akwai buhu suna son ɗan ƙari a kan na ranar da nake ni kaɗai. Bambancin bai taka kara ya karya ba, bugu kaɗan ne na famfo, amma mota marar nauyi ba ta ɓoye komai. Mai faci, da ya ga abin ba na ƙare ba ne, shi ma ya shiga ciki. Ya ajiye guntun ƙarfensa in dai Kwaɗo ce, ya karɓi geji yana kanne ido ɗaya yana dubawa. Da na tsaya zai tambaya, "Da buhu ne, ko kai kaɗai?"

Ruwa ya fara dawowa, amma kullum ƙasa da layi. Ana cikin haka aka sake aiko wa Baba cewa Gwaggo ta bar tuwo, sai kunu. A ranar Inna ce ta zuba ruwan gwaji da kanta, ta kawo har mota, abin da ya ba ni mamaki tunda ba ta gama hucewa da ni ba. Na je na dawo, ruwa yana kan layi cif. Na ɗauko ƙwarya ina rawar jiki na kai zaure. Baba ya duba, ya sa yatsa ya tsamo wani ɗan ganye da ya maƙale a gefe. Gaskiyar magana, dabarar mata Inna ta yi, irin ta masu ɗebo ruwa daga rijiya, ta watsa ganye a kai don kada ya yi tangaɗi, ni kuma da na dawo na kwashe a ƙofar gida na manta ɗaya.

Ya ɗaga murya yadda za a ji a cikin gida, ya ce, "A gaya wa mai ganye, bayana ba a sa masa ganye."

Daga bayan zana Inna ta ce, "A gaya wa mai baya, ƙwarya ba ta da yaya."

Baba ya ture ƙwaryar gefe. Ya daɗe yana juya ganyen nan a yatsunsa. Sannan ya ce da ni, "Ga hadari can yana haɗuwa. In an yi ruwa yau, gobe rairayi zai kwanta. Mu tafi da asuba."

An kuwa yi ruwan. Muka fita gari yana wayewa, ƙasa tana ƙanshi. Muka hau burji. Na saki motar a hankali, ina jiran tsallen nan, sai na ji shiru. Gargadar tana nan, ina jin ta a ƙarƙashinmu tana gunaguni, amma ba ta iso kujera ba. Na saci kallon Baba. Hannunsa yana kan ƙofa. Muka wuce inda ya ce in mayar da shi, bai ɗaga mini hannu ba. Can gaba na ga ya saki ƙofar ya ɗora hannun a cinya.

Bayan Sule Tankarkar muka bar burji muka shiga hanyar shanu. Ya ce in tsaya. Ya ce, "Nan ne wurin raƙumi, ƙara sassauta mata." Na fita da tsinken ashana, ina bin tayoyin ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana zaune ya karkata kai yana sauraron fitar iskar, sai ya ce ya isa. Na duba geji na ga bai yi nisa da abin da ni ma zan zaɓa ba. Muka shiga rairayi. Kwaɗo ta bi samansa sumul, ba ta tona ba, ba ta yi nishi ba. Muka tarar da wata babbar motar Damagaram, irin wadda suke kira kamiyo, ta kafe har ciki, mutanenta suna ta haƙa. Muka yi musu sannu muka raɓa ta gefe, suka bi mu da kallo da shebur a hannu.

Abin da ba na mantawa shi ne gero. Ya tsaya dama da hagu ya fi mu tsawo nesa ba kusa ba, mu kuma muna can ƙasa, raɓa tana zubo mana. Baba ya fara magana. Ya nuna mini gawon da suke hutawa shi da Gwaggo in sun je itace, da rijiyar da ya taɓa jefa gugan mutane ta karɓi dukan a madadinsa. Mutumin da a gida ba ya haɗa mini magana uku a jere, ran nan bakinsa bai rufu ba. Da muka fito wani fili mai shimfiɗaɗɗen rairayi sai ya gyara zama ya ce, "Kai, abin nan iyakar gudunsa ke nan?" Na taka mata. Jelar rawaninsa ta tashi a iska, na ji yana dariya ƙasa-ƙasa. Ban taɓa jin daɗi a rayuwata irin na wannan lokacin ba.

Mun isa da hantsi. Gwaggo tana kwance a rumfa a tsakar gida, ta rame har ba ta cika tabarma ba. Baba ya ƙi a riƙe shi. Ya dogara sandarsa har gabanta, ya durƙusa, shi da ko a salla ba ya iya durƙuso. Ya ce, "Yaya."

Ta ce, "Wane ne?"

"Ni ne."

Ta miƙo hannu ta lalubi fuskarsa, ta bi goshi, ta bi hanci, ta sauko kan gemu ta tsaya. Ta ce, "Auta, wa ya ba ka izinin tsufa?" Sai kuma ta ce, "Ka ci abinci kuwa?"

Na fita na ba su wuri, don idona ya cika kuma ba na son a gani. Ina zaune a ƙofar gida ina jiyo muryoyinsu, wani lokaci faɗa-faɗa, wani lokaci dariya. Da azahar jikokinta suka karyo gero sabo a gonar bayan gida, aka gasa tumu. Baba ya murza da hannunsa, ya hure, ya zuba mata a tafi. Ta ɗan tauna kaɗan da sauran haƙoranta, ta ce bai kai na da zaƙi ba.

Da la'asar ta ce ita fa sai ta ga abin da ya kawo mata ƙanenta. Aka ɗage zana ɗaya, na shigo da motar har bakin rumfa, abin da wata mota ba za ta iya ba. Aka matso da Gwaggo, ta shafa ƙofa, ta shafa fitila, hannunta ya sauka kan taya. Ta matsa da yatsa, ta sake matsawa.

Ta ce, "Ɗan nan, ƙafar tata ai ba ƙarfi."

Baba ya ce, "Da mai ƙarfin aka fara, Yaya. Ba ta kawo ni ba."

Ta bar hannunta a kai ta yi mata addu'a, kamar yadda ake yi wa dabbar da ta yi aiki. Muka kwana biyu muka juyo. A bakin burji na fito da famfon ƙafa na mayar da iskar da muka rage, Baba yana zaune yana ce mini ban iya bugawa ba. Gwaggo ta rasu kafin a kai gero rumbu. Da aka kawo labari Baba ya yi salati, ya yi mata addu'a, sannan ya ce, "Alhamdu lillahi, ta ci tumu."

Daga nan kujerar hagu ta zama tasa. Mutumin da ya yi shekaru bai wuce masallacin unguwa ba, sai ga shi yana nemo dalilin fita. Yau ta'aziyya a Gagarawa, gobe wani tsohon abokin karatu a Maigatari, jibi kawai yana son ya ga yadda wake ya yi. Bai taɓa cewa yana so ba. Sai dai ya ce, "Malamin gona, abin nan naka yana da mai kuwa?" Kafin mu fita sai mun biya gindin darbejiya, ko kuma in je tun da wuri in yana shiri. Tambayar mai faci ta sauya, ta koma, "Da Malam ne, ko kai kaɗai?" In na ce da Malam, sai ya ƙara wa na baya ɗan abin nan nasu, ya shafa tayar ya ce a gaishe shi. Mutanen gari ba su fasa tare mu ba. Baba ne ma ya karɓe ni amsawa, in an ce tayarku ba iska sai ya ce, "Mun sani, haka muke sonta."

Mun yi shekaru a haka, har na yi aure, har aka fara ce mini ya kamata mai iyali ya nemi motar mutane. Baba ya rasu a ƙarshen shekarun nan, da rani, bayan gajeriyar jinya. Da aka share makoki na koma aiki, ranar farko da na hau burji na ji motar ba daidai ba. Ba abin da ya lalace. Gefen hagu ne ya yi sakayau, tana ɗan karkata, tana jin kowane dutse. Mutum ne marar jiki, ban taɓa zaton nauyinsa ya kai a ji rashinsa a sitiyari ba.

Na juya na nufi tasha. Mai faci ya taso, ya yi mini gaisuwa, don ya je jana'iza ya kuma zo zaman makoki. Ya karɓi geji, ya tsuguna a gindin tayar baya kamar kullum, bakinsa ya riga shi.

"Da Malam ne, ko..."

Ya tsaya. Ya dubi kujerar, ya sunkuyar da kai. Ana ta hayaniyar lodi a bayanmu.

Na ce, "Sa mata ta mutum biyu."

Ya jawo famfo ya buga. Har na rabu da motar nan bai sake tambayata ba, ni ma ban taɓa cewa ya rage ba.